Daga Allurar Mai Ture Yana Zuwa Hasken Leza: Tarihin Zaɓin Aikin Ido a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan lacca za ta juya maganar, ta duba kimar shi idon kansa, da yadda mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi suka riƙa yanke shawara, zamani bayan zamani, game da wanda za su miƙa wa idanunsu idan gani ya raunana.

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne, a yau akwai ma'aikata da ɗalibai 'yan wannan yanki waɗanda suka gaji da sanya tabarau, suka kuma ji labarin ana gyara gani da hasken leza cikin 'yan mintoci. Idan suka bincika sai su tarar aikin ba iri ɗaya ba ne, akwai PRK, akwai LASIK, akwai SMILE, sai su shiga tambayar wanne ya fi. Sau da yawa kuma irin wannan ma'aikaci yana da tsoho a Bakori ko Ƙafur ko Ɗandume wanda yanar ido ta zaunar da shi, an kuma riga an kawo labarin wani mai magani da zai buɗe masa ido a zauren gidansa. Duk shawarwarin nan biyu a kan ma'aikacin suke faɗowa, domin shi ne mai albashi, shi ne kuma ake ganin ya yi boko. Tarihi ya nuna cewa tambayoyin biyu tushensu ɗaya, kuma kuskuren da aka daɗe ana yi a ta tsohon, ana iya maimaita shi a ta ɗan.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a san sassa uku na ido. A can gaba akwai wani tantani garai-garai mai doro wanda ya rufe baƙin ido. Kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗori, amma shi yake yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. A bayansa akwai wani ɗan madubi mai taushi wanda yake ƙarasa tattarawar. A can ƙurya kuma akwai shimfiɗar jijiyoyi inda hoto yake sauka. Idan tattarawar ba ta daidaita ba, sai mutum ya ga na kusa ya kasa ganin na nesa, ko akasin haka, wannan shi ne abin da tabarau yake gyarawa. Idan kuwa madubin ciki ya dushe ya yi fari, wannan ita ce yanar ido. Aikin leza na gyaran gani tantanin gaba yake sassaƙewa, aikin yanar ido kuwa madubin ciki yake cirewa. Mai riƙe da wannan bambanci ya riƙe rabin laccar.

Zamanin Masu Ture Yana

Ture yanar ido tsohuwar sana'a ce a duniya. Littafin likitancin Indiya da ake jingina wa Sushruta ya yi bayaninta tun zamanin da. Yadda ake yi shi ne, a soka wani tsinke mai kaifi ta gefen farin ido, a tunkuɗa madubin da ya yi fari har ya faɗa cikin ruwan da ke ƙuryar ido, ta haka haske ya sami hanyar wucewa. Likitocin Musulmi na farko sun san aikin, sun kuma san aibinsa. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya, Ammar bin Ali mutumin Mausil, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙago allura mai rami don tsotso yana mai taushi waje maimakon ture ta ciki. A Turai ma masu ture yana sun daɗe suna yawo gari-gari. Ɗaya daga cikinsu, John Taylor, ya yi wa shahararren mai kiɗan Jamus, Bach, aiki sau biyu a 1750, aikin bai yi kyau ba, Bach ya rasu cikin wannan shekara. Shekaru uku kafin haka, a 1747, wani likitan Faransa mai suna Jacques Daviel ya soma yanka ido ya fitar da madubin gaba ɗaya, daga nan ne aikin asibiti na yau ya samo asali.

A ƙasar Hausa ciwon ido bai taɓa zama abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana da rubutu na musamman a kan maganin ido cikin littattafansa na likitanci. Talakawa suna da kwalli da tsime-tsime da rubutun sha da tofi. Makanta kuma ta yi yawan da har ta sami gurbi a tsarin sarauta, shi ya sa ake da Sarkin Makafi a manyan garuruwa. Amma idan yana ta nuna, ta rufe ido ruf, to babu kwalli ko tsimin da zai kawar da ita. A nan ne mai ture yana yake shigowa.

Ya kamata a yi wa manomin da ya zaɓi wannan hanya adalci, domin zaɓinsa yana da dalilai. Mai ture yana shi yake zuwa, ba a zuwa wurinsa. Yana jin harshen mara lafiya, ana iya yin ciniki da shi, ana iya biyansa da hatsi ko dabba. Ba a barin gona, ba a neman masauki a baƙon gari, ba a ɗauke wani daga aiki don jinya. Abin da ya fi duka ƙarfi kuwa shi ne, sakamakon yana fitowa nan take a gaban shaidu. Tsohon da ya shekara biyu ana yi masa jagora sai ga shi yana ƙirga yatsu. Gani ya kori ji, labari kuma ya kai kasuwa kafin la'asar.

Abin da ba ya kai kasuwa shi ne abin da yake biyo baya. Madubin da aka ture yana nan cikin ido, yana iya tayar da kumburi, ko ya toshe hanyar fitar ruwan ido har ƙarfin ruwan ya hau ya kashe jijiya. Tsinken da ba a dafa ba yana iya shigar da ƙwayar cuta. Shimfiɗar jijiyoyi tana iya ɓanɓarewa. Ko da an tsira daga duk waɗannan, idon da ba shi da madubi dishi-dishi yake gani in ba an sa masa tabarau mai kauri ba. Yawancin wannan ɓarna tana bayyana ne bayan makonni ko watanni, lokacin da mai aikin ya daɗe da yin gaba. Ke nan alherin aikin a kan idon jama'a yake faruwa, sharrinsa kuwa a cikin ɗaki, sai a ce ƙaddara ce ko tsufa.

Zuwan Asibiti

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta shiga harkar zamani ta ƙofar auduga. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, injin gurzar auduga kuma ya jawo 'yan kasuwa da ma'aikata. Amma asibitin ido ya yi nisa. Sai a 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, wanda daga baya ya koma hannun ECWA, ya kuma zama wurin da mutane suke nufa daga ko'ina cikin Arewa da maƙwabtan ƙasashe. A farkon shekarun 1960 aka sami asibitin ido na Guinness a Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen koyar da likitanci a 1967, asibitin Malumfashi kuma ya zama ɗaya daga cikin wuraren da take horar da ɗalibanta a kan cututtukan karkara. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshensu aka gudanar da babban bincike a kan cututtukan yankin Malumfashi, irin su zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, tare da masana daga Liverpool. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda ya soma a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, ya buɗe hanyoyin karkara. A 1979 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna.

Duk da haka masu ture yana ba su rasa ciniki ba, kuma akwai dalili. Aikin asibiti na wancan zamani babbar yanka ce, a fitar da madubin dungurungum, a ɗinke, a kwantar da mutum kwanaki, sa'an nan a ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Idan tabarau ya fashe ko ya ɓata a gona, tsohon ya koma ganin dishi-dishi, mai sayar da wani kuwa sai Kano ko Kaduna. A idon manomi, wanda ya je asibiti da wanda ya zauna a zaure kusan abu ɗaya suka samu, sai dai ɗaya ya sha wahalar tafiya.

Masanin tarihi Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ya lura da wani abu da ya ƙara haske a nan. A wani rubutu da ya fitar a 1981 ya nuna cewa mutane suna zirga-zirga tsakanin asibiti da malamai da masu maganin gargajiya ba tare da sun damu su san yadda kowane magani yake aiki ba, har ma akan ga yawan tambaya bai dace ba. Wannan hali ba ya cutarwa sosai idan maganin sha ne wanda za a iya bari a gwada wani. Aikin ido kuwa ba a warware shi. Wanda bai yi tambaya kafin a taɓa idon ba, ba shi da sauran lokacin yin ta.

Abin da ya raba gardama tsakanin hanyoyin biyu shi ne madubin roba. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa ɓarɓashin robar gilashin jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa ba ya tayar da kumburi, sai ya soma dasa madubin irin wannan roba a cikin ido a London a 1949. An daɗe ana sukarsa kafin a yarda, kuma sai cikin shekarun 1990 dashen ya soma yaɗuwa a asibitocin Nijeriya. A yau aikin yanar ido ƙaramar yanka ce, galibi ba ɗinki, a cire madubin da ya lalace a sa na roba a gurbinsa, mutum ya koma gida a ranar ko washegari ba tare da tabarau mai kauri ba.

Abin Da Ƙidaya Ta Nuna

Sauyin da aka samu a ɗakin tiyata bai isa ƙauye da wuri ba. Wani bincike da Dokta Mansur Rabi'u ya yi a karkarar Jihar Katsina, aka buga a 2001, ya gano cewa cikin masu buƙatar aikin yanar ido, kashi 4 cikin ɗari kawai suka samu a asibiti, alhali kashi 18 cikin ɗari an ture musu. Babban dalilin da mutane suka bayar shi ne rashin kuɗi. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2007, ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau fiye da mutum miliyan ɗaya. Yanar ido ita ce sanadin wajen kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta, hawan ruwan ido da ake kira gilakoma yana biye da ita. Cikin idanun da aka yi wa wani aiki saboda yana, kusan kashi 43 cikin ɗari turewa aka yi, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na idanun da aka ture ɗin makafi aka same su. Wannan ita ce shaidar da kasuwa ba ta taɓa iya bayarwa ba, domin sai da aka bi mutane gida-gida shekaru bayan aikin kafin a same ta.

Asalin Gyaran Gani Da Leza

Kada a ɗauka cewa ruɗuwa da sakamakon ranar farko halin ƙauye ne kaɗai. Tarihin gyaran gani a manyan asibitocin duniya ya bi irin wannan turba. Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1950, Farfesa Tsutomu Sato na Japan ya riƙa tsattsaga tantanin gaban ido ta waje da ta ciki don rage doronsa. Mutane da yawa sun ji daɗin aikin da farko, amma bayan shekaru goma zuwa ashirin tantanin ya kumbura ya dushe a idanu masu yawa, domin yankar ta lalata wani siririn rufi na ciki wanda a lokacin ba a san amfaninsa ba. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov na Rasha ya farfaɗo da tsagar, amma ta waje kaɗai, aikin ya yi tashe har Amurka. Da aka bi waɗanda aka yi wa na tsawon shekaru goma a Amurka, sai aka tarar wajen kashi 43 cikin ɗari na idanun sun ci gaba da sauyawa, sun zarce inda aka nufa. A Kolombiya kuma José Barraquer ya shafe shekaru yana gwada yanko ɓangaren tantanin a sassaƙe shi a mayar, wanda shi ne kakan LASIK.

An ƙera leza ta farko a 1960. A farkon shekarun 1980 masu bincike a kamfanin IBM, cikinsu har da Rangaswamy Srinivasan, suka gano wata irin leza da take ɗebe nama ɗan mitsitsi ba tare da ta ƙona na kusa da shi ba. A 1983 Stephen Trokel ya nuna za a iya amfani da ita a tantanin ido. A 1988 Marguerite McDonald ta yi aikin PRK a idon mai gani a New Orleans. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris na Girka ya haɗa lezar da dabarar Barraquer, ya raɗa wa aikin suna LASIK. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK a 1995, LASIK a 1999, SMILE kuma a 2016.

Ire-iren Aikin Uku

Manufar ukun ɗaya ce, watau a sauya doron tantanin gaba ta yadda zai yi aikin da tabarau yake yi. Bambancinsu yana ga hanyar da ake bi a kai ga naman da za a rage.

A PRK ana kankare siririyar fatar da ke saman tantanin, leza ta sassaƙe abin da ke ƙasa, a rufe da wani madubin roba mai taushi har fatar ta tsiro cikin kwanaki kaɗan. Akwai zafi da hawaye a kwanakin farko, gani kuma yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita, wani lokaci ma wani hazo-hazo yakan fito a tantanin. Amfaninsa shi ne ba a bar wani murfi da zai iya gocewa ba, kuma an fi barin nama mai kauri. Saboda haka ya fi dacewa da mai siririn tantani, da wanda aikinsa yake da haɗarin bugu a fuska, kamar soja ko ɗan sanda ko ɗan dambe.

A LASIK ana yanka wani siririn murfi a tantanin, a ɗaga shi kamar shafin littafi, leza ta yi aiki a ƙarƙashi, a mayar da murfin. Zafi kaɗan ne, yawancin mutane suna gani sosai cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ya fi sauran farin jini. Amma yankar tana katse jijiyoyi da yawa na tantanin, don haka bushewar ido ta fi yawa bayansa. Murfin ba ya komawa da ƙarfinsa na asali, bugu mai tsanani yana iya gotar da shi ko bayan shekaru. Idan kuma aka yi wa mai siririn tantani ko mai rauni, tantanin yana iya turowa gaba sannu a hankali har gani ya fi na da lalacewa.

A SMILE wata leza dabam ce take yanka ɗan faifan nama a cikin tantanin ba tare da an buɗe shi ba, sai a zaro faifan ta wata ƙofa da ba ta wuce milimita biyu zuwa huɗu ba. Babu murfi, bushewar ido kuma takan yi sauƙi. Sai dai an fi yin sa ga masu kasa ganin nesa, ƙara gyara idan na farko bai cika ba ya fi wuya, kuma shekarun da aka yi ana bin sakamakonsa ba su kai na sauran biyun ba.

Idan aka zaɓi mutanen da suka dace, ganin da ake samu bayan wasu watanni a ukun kusan ɗaya ne. Saboda haka tambayar wanne ya fi ba ta da amsa guda ga kowa. Awon ido ne yake amsa ta: kaurin tantani, taswirar doronsa, yawan hawaye, ƙarfin tabarau, da ko ƙarfin ya tsaya cik na aƙalla shekara ɗaya. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a kuma yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Wani lokaci amsar da awo zai bayar ita ce kada a yi ko ɗaya.

Abin Da Ya Shafi Ɗan Wannan Yanki

Akwai abubuwa biyar da ɗan Funtuwa ko Malumfashi zai ƙara a kan lissafin da aka yi domin mutanen wasu ƙasashe.

Na farko shi ne yanayi. Hunturu da ƙurarsa, da ƙaiƙayin sussuka da na auduga, suna busar da ido ko ba a yi masa aiki ba. Mai fama da bushewar ido tun asali ya kamata ya faɗa wa likita, ya kuma yi tunanin lokacin da zai yi aikin.

Na biyu shi ne ƙaiƙayin ido na yara, irin wanda yake mayar da farin ido ruwan ƙasa, wanda yake da yawa a Arewa. Yawan murza ido shekara da shekaru yana da alaƙa da raunin tantani da turowarsa. Wanda ya tashi da wannan ciwo lalle ne a ɗauki taswirar tantaninsa da kyau, domin yana iya kasancewa cikin waɗanda leza za ta cuta.

Na uku shi ne gilakoma, wadda take cin gani a ɓoye, ta kuma fi tsanani ga baƙar fata. Ana gano ta ne da awon ƙarfin ruwan ido, tantanin da aka rage wa kauri kuwa yana sa awon ya nuna ƙasa da gaskiya. Duk wanda aka yi wa leza dole ya riƙa faɗa wa kowane likitan ido da zai duba shi har ƙarshen rayuwarsa.

Na huɗu shi ne shekaru. Leza ba ta hana madubin ciki tsufa. Wanda ya wuce arba'in zai buƙaci tabarau na karatu ko an yi masa aikin, kuma yanar ido za ta zo a lokacinta. Ran da za a cire ta, lissafin madubin robar da za a dasa yana yin wuya a idon da aka sassaƙe, don haka takardun awon farko abin adanawa ne kamar takardar gona.

Na biyar shi ne nisa. Aikin leza na gyaran gani galibi a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane irin su Legas ake samunsa, wasu kuma suna fita Masar ko Indiya. Wanda ya yi aiki ya hau jirgi bayan kwana uku ya dawo gida ya saka kansa a halin tsohon da aka yi wa turi a zaure, sai dai a wannan karo shi ne ya yi gaba ya bar mai aikin. Kafin a biya kuɗi ya kamata a san wanda zai duba idon bayan mako, da bayan wata, da bayan shekara, a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Katsina.

Ya kuma kamata a san cewa kalmar leza tana rufe ayyuka dabam-dabam. Akwai lezar da ake share dushewar da takan fito bayan madubin roba, akwai ta masu ciwon sukari da jini yake tsattsafowa a ƙuryar idonsu, akwai ta gilakoma. Waɗannan magani ne na cuta, ba a jinkirta su idan likita ya ce a yi. Lezar gyaran gani kuwa ana yin ta ne a kan lafiyayyen ido wanda tabarau ya riga ya wadatar, saboda haka babu gaggawa a cikinta.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna abu guda a kowane zamani. Mai ture yana, da Sato, da Fyodorov, duk sun sami masu shaida na gaskiya a ranar farko, kuma duk sai bayan shekaru aka san ainihin kimar aikinsu. Abin da ya bambanta aikin asibiti na yau da na zaure shi ne awo kafin aiki, da bibiya bayan aiki, da rubuta sakamako ko mai daɗi ko mara daɗi. Inda aka rasa waɗannan uku, tsadar na'ura ba ta cike gurbinsu.

Ga ma'aikaci ko ɗalibin da shawarwari biyu suke gabansa, tarihin ya jera masa su bisa muhimmanci. Ta tsohon ita ce ta gaba, domin shi makanta ce take damunsa, maganinta tabbatacce ne, yana kusa, kuɗinsa bai kama ƙafar na leza ba, kuma kowane wata na jinkiri dama ce ga mai tsinke. Tasa shawarar tana iya jira har ya sami likitan da zai auna shi sosai, ya gaya masa wane aiki ne ya dace da idonsa da sana'arsa, ko ya gaya masa ya riƙe tabaraunsa. Ga masu tsara manufofin lafiya a jiha da ƙananan hukumomi kuwa, ƙidayar 2001 da ta 2007 sun nuna inda aikin yake: a sauƙaƙa kuɗin aikin yanar ido, a kusantar da shi ga manomi kamar yadda mai ture yana ya kusantar da nasa, a kuma tanadi masu awon ido da tabarau mai araha a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da garuruwan da ke kewaye da su.